Jan Tuna na Bahar Rum: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Kama Shi da Abin da Yake Ƙara wa Jiki

Mafi yawanmu a cikin gwangwani muka fara ganin kifin tuna, an yanyanka shi an jiƙa da mai, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutum ya ɗauka ɗan ƙaramin kifi ne sa'an sardin. A gaɓar Bahar Rum kuwa, tuna kifi ne da ke iya fin bijimi nauyi, wanda garuruwa suka kafu saboda shi, aka buga hotonsa a jikin kuɗi, aka kuma yi masa waƙoƙin aiki. Abin da mai karatu zai yi ta cin karo da shi a nan shi ne cewa sunan tuna ya tattara kifaye daban-daban, kuma amsar kusan kowace tambaya ta dogara ga wanda ake nufi a cikinsu.

Wane irin kifi ne tuna, kuma wanne ne na Bahar Rum?

Tuna suna ne na dangin kifayen teku masu ƙarfin iyo, kuma ba shi da wata alaƙa da kalmar "tuna" ta Hausa, haɗuwar lafazi ce kawai. A cikin dangin akwai ƙarami irin sikifjak, wanda galibi 'yan kilo kaɗan ne nauyinsa idan aka kama shi, akwai albako da yalofin da suka fi shi girma, sannan akwai babban yayansu, bulufin na Tekun Atlantika, wanda mutanen Sifaniya da Italiya da Faransa duk suke kira jan tuna saboda launin namansa. A kan wannan jan tuna ne al'adun su na Bahar Rum suka ginu. Yana iya wuce mita uku a tsawo, yana iya rayuwa fiye da shekara 30, kuma wanda aka kama da ƙugiya a gaɓar Nova Scotia ta ƙasar Kanada a 1979 ya kai kilo 679.

Abin da ya raba shi da tarwaɗa ko karfasa ya wuce girma. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, domin jijiyoyin jininsa a jere suke kusa da juna, ta yadda jini mai ɗumi da ke fitowa daga tsoka yake ɗumama mai sanyi da ke shigowa. Ba ya daina iyo dare da rana, saboda sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa wurin numfashinsa. Tsokar da ba ta hutawa tana buƙatar iska mai yawa, kuma sinadarin da ke riƙe mata wannan iska shi ne yake sa naman ya yi ja, har ya fi kama da naman shanu fiye da na kifi.

Me ke kawo shi Bahar Rum kowace shekara?

Haihuwa ce ke kawo shi. Bayan ya yi watanni yana kiwo a ruwan Atlantika mai sanyi da yalwar ƙananan kifaye, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni sai garkuna su shigo ta mashigin Jibralta, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa kusan kilomita 14 ne kacal, su nufi ruwa mai ɗumi na kewayen tsibiran Baliyarik, da na Sisili da Malta, da na gabas tsakanin Turkiyya da Saifurus, inda mace guda ke zuba miliyoyin ƙwai. Daga Yuli zuwa Agusta da yawansu sukan juya su koma. Masunta sun raba waɗannan tafiye-tafiye biyu da suna: kifin shigowa yana cike da kitse, shi ne mai tsada, na komawa kuwa ya rame, kuɗinsa bai kai na farko ba.

Tun yaushe ake wannan sana'a?

Tun kafin rubutu. A wani kogo da ke tsibirin Levanzo, yamma da Sisili, akwai zanen mutanen zamanin dutse da ke ɗauke da siffar da masana ke ɗauka ta tuna ce. Finikiyawa, fataken teku daga gaɓar Lebanon ta yau, waɗanda suka kafa birnin Gadir, wato Kadiz ta yau a kudancin Sifaniya, sun mayar da kifin haja ta fatauci, har kuɗin birnin ya ɗauki hoton tuna. Aristotle, masanin tsohuwar Girka, ya yi rubutu a kan ƙaurarsa. A zamanin Rumawa, garin Baelo Claudia da ke kusa da Tarifa a bakin mashigin Jibralta ya rayu ne da gishirta kifi, kuma har yau mai ziyara yana iya tsayawa a bakin ramukan dutse da ake jera nama da gishiri a cikinsu, da waɗanda ake tsima kayan ciki a yi romon nan mai ƙarfin wari da suke kira garum. Daga baya, gidan sarautar Medina Sidonia ya riƙe ikon kamun tuna a gaɓar Andalus, wato kudancin Sifaniya, na ɗaruruwan shekaru, kuma wani babban kaso na dukiyar gidan daga tuna ya fito. A kan tuddan gaɓar an gina hasumiyoyi inda mai tsaro ke zama yana duban teku, da ya hango ruwa ya canza launi saboda garke sai ya ba da alama.

Yaya tarkon gargajiya yake aiki?

A Sifaniya sunansa almadraba, a Italiya tonnara, a Faransa da Maroko madrague, amma dabarar guda ce. Ba a bin kifin, jiran sa ake yi. Wanda ya san gura, wadda kifi ke shiga cikin sauƙi ya kasa gano hanyar fita, ya riga ya fahimci tushen abin, sai dai wannan gurar girmanta ya kai unguwa.

Ana shimfiɗa doguwar katangar taru daga kusa da gaɓa zuwa cikin teku, tsawon kilomitoci, samanta na yawo da abin da ke hana ta nitsewa, ƙasanta kuma an danne da sarƙa da ɗaruruwan anka masu nauyi. Jan tuna yana da ɗabi'ar da ta zama ajalinsa: idan ya ci karo da katanga ba ya ƙoƙarin fasa ta, sai ya bi gefenta yana neman ruwa mai zurfi. Katangar sai ta kai shi bakin wani gini na taru mai ɗakuna a jere, kowane da ƙofarsa. Masunta suna leƙawa daga kwalekwale, ko su tura masu nutso, su ƙidaya kifin da ya shiga, sannan su riƙa buɗe ƙofa suna kora shi daga ɗaki zuwa ɗaki suna rufewa a bayansa. Duk ɗakunan ba su da daɓe sai na ƙarshe, wanda aka saƙa masa taru mai kauri a ƙasa domin a iya ɗaga shi. Mutanen Sisili suna kiran sa ɗakin mutuwa. Kafa wannan gini kaɗai yana cin makonni masu yawa na aiki kafin kifin farko ya iso, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko garke ya bi ta nesa da gaɓa, wahalar shekara tana iya tashi a banza.

Me ke faruwa ranar ɗaga taru?

Italiyawa suna kiran ranar mattanza, wato kisa, mutanen Kadiz kuma suna cewa levantá, wato ɗagawa. A tsarin Sisili na da, jirage sukan kewaye ɗakin ƙarshe ta kusurwa huɗu, shugaban masunta kuma yana tsaye a ƙaramin kwalekwale a tsakiyar fili, shi kaɗai ke ba da umarni. Bayan addu'a, maza sukan jeru a bakin jirage su kama taru da hannu, mai ba da waƙa ya ɗaga murya, saura su amsa, kowace amsa kuma ja guda ne, kamar yadda masu dakan gayya ke daidaita taɓare da waƙa. Da farko ba a ganin komai sai ruwa mai duhu. Can sai inuwoyi su fara gilmawa a ƙasa, sai bayan kifi ya fara tsaga ruwa, daga nan fili ya rikice da kumfa da bugun wutsiya, wanda guda ɗaya ya isa ya karya wa mutum hannu. Maza shida ko takwas sukan haɗu a kan kifi guda da sanduna masu ƙugiya, su jawo shi bakin jirgi, su kauce wa wutsiyar, su tura shi ciki. Kafin a gama, ruwan fili ya koma ja.

A Kadiz yau an sauya wannan mataki na ƙarshe. Masu nutso ne ke shiga da wata sanda mai harsashi a baki, su harbi kifin a ka ya mutu nan take. Tausayi yana cikin dalilan, amma babban dalili na kasuwa ne: kifin da ya daɗe yana fafutuka jikinsa yakan yi zafi, tsokarsa ta yi tsami, naman ya dushe, masu saye daga Japan kuma ba sa biyan kuɗin kirki a kan irin wannan nama.

Me ya sa kalmomin sana'ar suka yi kama da Larabci?

Saboda da yawansu Larabci ne. Musulmi sun mulki Andalus na ƙarnuka, sun kuma riƙe Sisili daga ƙarni na 9 zuwa na 11, kuma sun gyara tsarin tarkon sun bar masa sunaye. Almadraba daga "al-madraba" take, wato wurin bugu. Shugaban masunta a Sisili da Sardiniya har yau rais ake ce masa, daga "ra'is", kuma matsayinsa ya yi kusa da na sarkin ruwa a wurinmu: shi ya san hanyar kifi, shi ke sa ranar aiki, ba a kuma yi masa musu a kan ruwa. Busasshen naman tuna da ake kira mojama, da gishirtaccen ƙwansa da ake kira bottarga, su ma sunayensu daga Larabci suka samo asali.

Har yanzu ana yin wannan su?

Ana yi, amma a wurare ƙalilan. A lardin Kadiz tarko huɗu suka rage: Barbate, Conil, Tarifa da Zahara de los Atunes, garin da sunan kifin ke cikin sunansa. Maroko tana da nata a gaɓar Atlantika, kudu da mashigin, Fotugal ma tana da shi a yankin Algarve. A Sardiniya, garin Carloforte yana ci gaba, kuma tarihinsa ya haɗa gaɓoɓi biyu, domin waɗanda suka kafa shi a 1738 'yan asalin yankin Jenowa ne da suka taso daga Tabarka ta Tunisiya. Sidi Daoud a Tunisiya ya daɗe yana cikin sanannun wuraren wannan su. Favignana kuwa, tsibiri a yamma da Sisili, wadda attajiri Ignazio Florio ya saya a 1874 ya gina mata babbar masana'antar zuba tuna a gwangwani, ta yi mattanza ta ƙarshe a 2007, masana'antar kuma yanzu gidan tarihi ce.

Shin wannan tarko ne ya kusa ƙarar da jan tuna?

A'a, ko da yake hotunan jini sukan sa a ɗora masa laifin. Tarkon yana wuri guda, na 'yan makonni ne a shekara, abin da ya biyo gaɓa kaɗai yake tarewa, kuma galibi manyan kifaye ne da suka riga suka hayayyafa sau da yawa. An yi ƙarnuka ana haka kifin bai ƙare ba. Ɓarnar ta zo ne daga inda ido ba ya kaiwa. Da kasuwar ɗanyen kifi ta Japan ta buɗe baki, sai manyan jirage masu tarun zobe suka riƙa bin garke har wurin da yake zuba ƙwai, jiragen sama suna nuna musu hanya, su kewaye garke ɗungurungum. Daga shekarun 1990 aka ƙara da kiwon turke a teku: a ja kifin da rai cikin keji zuwa gaɓar Sifaniya ko Malta ko Kuroshiya ko Turkiyya, a yi watanni ana ɗura masa sardin da makarel har ya yi kitse, alhali kowane kilo guda da ya ƙara yana cin fiye da kilo goma na ƙananan kifaye.

Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna na Atlantika, ICCAT, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1966 kuma hedikwatarta ke Madrid, ta ƙayyade kason jan tuna da za a kama zuwa tan 29,500 a 2007, amma masananta sun ƙiyasta cewa abin da aka kama a zahiri ya kai wajen tan 61,000. A 2010 Monako ta nemi a haramta cinikin kifin tsakanin ƙasashe, amma taron ƙasashe kan cinikin halittu masu fuskantar ƙarewa da aka yi a Doha ya ƙi amincewa. Duk da haka tsoron ya yi amfani: an rage kason zuwa tan 12,900 a 2011, an hana kama kifin da bai kai kilo 30 ba sai a 'yan keɓantattun wurare, an hana jiragen sama leƙen garke, an kuma taƙaita lokacin tarun zobe zuwa 'yan makonni. Kifin ya farfaɗo, har a 2021 aka cire shi daga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kason shekarun 2023 zuwa 2025 kuma ya kai tan 40,570 a shekara.

Yaya mutanen yankin suke cin sa?

Kamar yadda mahauci ke rarraba sa, haka suke rarraba tuna, kowane yanki da sunansa da girkinsa. A Kadiz ana kiran fiɗar ronqueo, wato minshari, saboda ƙarar da wuƙa ke yi idan tana gogar ƙashin baya. Naman ciki, ventresca, shi ne mafi maiƙo da tsada. Naman ƙeya ana gasa shi ko a dafa. Tsokar baya ana binne ta cikin gishiri na kwana ɗaya ko biyu, a wanke, a rataye a iska na makonni har ta yi tauri, a yanka ta siriri a ɗiga man zaitun: ita ce mojama, 'yar'uwar kilishi ta nesa, sai dai babu tunkuza babu yaji. A Sardiniya da Sisili har zuciya da ƙwai ake gishirtawa. A Tunisiya da Libiya kuwa tuna abincin yau da kullum ne, a cikin burodi da yajin harisa, ko a cikin brik, wato siririn ƙullin fulawa da ake naɗewa a soya, tare da ƙwai.

Me ke cikin naman da ke amfanar jiki?

A giram 100 na ɗanyen jan tuna akwai furotin kusan giram 23, kitse kusan giram 5, kalori wajen 144, babu sitaci ko sukari ko kaɗan. Furotin ɗin cikakke ne, irin wanda jiki ke gina tsoka da shi ya kuma gyara abin da ya lalace. Bitamin B12, mai taimakon jini da jijiyoyi, ya kai maikurogiram 9, alhali babban mutum 2.4 yake buƙata a rana. Akwai bitamin D da B3 da B6, akwai seleniyom, akwai kuma sinadarin ƙarfe irin na nama, wanda hanji ya fi saurin tsotsa fiye da na ganye. Abin da ya fi ɗaukaka shi shi ne kitsen omega-3, wanda ya haura giram guda a wannan awo, alhali hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai tana ganin miligiram 250 a rana ya wadatar da babba. Wannan kitse yana rage wani nau'in maiƙon jini, yana da hannu wajen lafiyar zuciya, kuma yana cikin abin da ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa da shi. Adadin kitsen yana hawa da sauka: kifin shigowa da na keji sun fi wannan awo nesa, musamman a naman ciki. Abinci ne mai kyau, amma ba magani ba ne, kuma wanda likita ya ɗora a kan maganin zuciya ko na hawan jini ba zai musanya shi da kifi ba.

Na gwangwani da muke saye, shi ne wannan jan tuna?

Kusan kullum ba shi ba ne, domin jan tuna ya yi tsadar da ba za a zuba shi a gwangwanin kanti ba, sai 'yan ƙalilan na alfarma. Abin da ke ciki galibi sikifjak ne ko yalofin, kuma ana rubuta skipjack ko yellowfin a jikin takardar. Wani ɓangare nasa ma daga kusa da mu yake fitowa, domin Tema a Gana da Abijan a Kodebuwa manyan cibiyoyi ne na sauke tuna da zuba shi a gwangwani. Ta fuskar furotin ba a yi asara ba, yana nan tsakanin giram 20 zuwa kusan 30 a kowane giram 100. Omega-3 ne ya yi ƙasa sosai, saboda waɗannan nau'o'i ba su da kitse tun asali, kuma ana dafa su kafin a rufe. Wanda omega-3 yake nema, sardin da makarel, wanda ake kira titus a kasuwa, sun fi masa araha da amfani. Na cikin mai yana iya ninka na cikin ruwa a kalori, na ruwan gishiri kuma mai hawan jini ya tsiyaye shi sosai kafin ya ci.

Gaskiya ne akwai guba a cikinsa?

Akwai zaiba, wadda ake kira makuri, amma yawanta ya bambanta ƙwarai. Tana shiga teku daga duwatsu masu aman wuta da hayaƙin kwal da haƙar ma'adinai, ƙwayoyin halitta su mayar da ita nau'in da ke maƙalewa a tsoka, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙaramin, a haka take taruwa. Saboda haka kifin da ya fi girma da tsufa shi ya fi tara ta, kuma dafuwa ko suya ba sa fitar da ita. A awon hukumar abinci ta Amurka, tunan gwangwani da ake rubuta wa light, wanda galibi sikifjak ne, yana da kusan miligiram 0.13 a kilo, albako kusan 0.35, nau'in da ake kira mai manyan idanu kuma kusan 0.69. Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 1 a kilo ga tuna. A nan ƙaramin kifin gwangwani ya fi sarkin tarko zama lafiya.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan tayi da ƙananan yara, domin ƙwaƙwalwar da ke kan girma ita zaiba ke cutarwa. Sifaniya kanta, ƙasar almadraba, ta shawarci masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 10 su guji jan tuna gaba ɗaya, tun daga 2019. Wannan ba ya nufin mai ciki ta bar kifi: shawarar Amurka ita ce ta ci kifi mai ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako, kuma sikifjak na gwangwani yana cikin waɗanda aka amince da su, albako da yalofin kuma sau ɗaya.

Kifi mai jini haka, yana buƙatar yanka?

Ba ya buƙata. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku, kuma hadisin da Imamu Malik ya ruwaito ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Abin dubawa kawai shi ne kayan haɗi, domin wasu girke-girken Turai ana zuba musu giya.

Me ya sa wani kan yi borin jini bayan ya ci tuna?

Sau da yawa ba jikinsa ne ya ƙi kifin ba, kifin ne ya kwana cikin zafi. Naman tuna yana da wani sinadari da ƙwayoyin cuta ke mayarwa histamin idan ba a sanyaya shi da wuri ba, kuma da zarar histamin ya samu, wuta ba ta kashe shi, ƙanƙara ba ta kashe shi, bandar hayaƙi ma ba ta yi. Kifin yana iya zama ba wari ba canjin launi, sai dai wani lokaci a ji ɗan yaji-yaji a harshe. Cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu fuska da wuya su yi ja, kai ya yi ciwo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani har da gudawa. Yawanci yakan lafa cikin sa'o'i, amma wanda numfashi ya yi masa wuya a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. A ƙasa mai zafi da ɗaukewar wuta, wannan ya fi zaiba kusa da mai ci. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin murfi a jefar da shi, wanda aka buɗe kuma a juye ragowar a mazubi mai murfi a sa a firji a cinye cikin kwana biyu, idan babu firji kuwa a cinye shi a zama guda.